Hoton Inna Bai Fito Ba

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Mun dawo daga Kano. Ni da ƙanena Muhsin, da muke uba ɗaya, muka shiga wurin likita, Baba yana waje kan benci tare da Gwaggo Marka. Abin da likitan ya faɗa ba zan rubuta shi a nan ba. Muhsin ya ji, ni ma na ji, ya isa.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka wuce Rimin Gado. Baba yana ta kallon gonaki, ya ce dawar bana ta yi kyau. Bai tambaye mu me aka ce ba. Can sai ya juyo ya ce, "Badi'a, da zan sake ganin littafin nan mai hoton Innarki, da na ji daɗi."

Na ce, "To, Baba."

Tun da nake da shi ban taɓa jin ya roƙi wani abu ba, ko ruwan sha kansa yake ɗebo wa.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

Ina gidana a Gwarzo, na zo duba yara. Allah ya sa muna hutun makaranta, da ban san yadda zan yi da zirga-zirgar nan tsakanin nan da Kabo ba.

Labarin littafin na sha jin sa, amma ban taɓa ganin sa ba. Kafin a haife ni Baba ne ke kula da azuzuwan yaƙi da jahilci a Kabo. Da aka buɗe ajin mata, magidanta suka hana matansu zuwa, sai ya sa amaryarsa a gaba ya kai ta da kansa don su gani. Ita ce Inna Uwaliya. Wata rana wasu suka zo da kyamara suka ɗauke ta tana rubutu a allo, aka sa hoton a littafin karatun manya. Kwafin Baba ya tafi a daminar da ɗakin soro ya rufta, ina rarrafe. Ita kuma ta riga littafin tafiya, ina goye.

Babu wani hotonta a ko'ina. Gwaggo Marka, ƙanwar Baba da ta raine ni, takan ce kamarmu ɗaya. Dangin Inna na Unguwar Tudu sukan ce ko kusa, Baba na biyo. Na daɗe da daina tambaya.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan magariba

Na same shi.

Kwana biyu ina lalube a waya. Na rubuta sunan ta kowace siga, da ƙugiya da babu ƙugiya, sai ga shi a wani shagon littattafai na intanet. Bango kore, da zanen fitilar ƙwai. Na kira Baba ta wayar Gwaggo na siffanta masa, ya ce, "Shi ne. Kore mai duhu ko?" Muryarsa ta ɗaga yadda ban ji ta ba tun kafin azumi.

An rubuta sabon bugu ne. Na ji daɗin haka, na ce ai gara sabo, ba wanda gara ta ci ba. Na biya nan take. Maigidana, Abban Kamila, ya ce in dakata mu tambayi wanda ya taɓa sayayya a wurinsu. Na ce masa ba mu da lokacin dakatawa. 

Lahadi, 10 ga Agusta, da safe

Kabo. Koko kawai Baba ya sha, shi ma bai shanye ba.

Talata, 12 ga Agusta, bayan azahar

Masu shagon sun ce littafin yana hanya. Na duba wayar ba adadi, magana ɗaya ce, yana hanya.

Baba ya sa an shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofar ɗakinsa, ya ce daga nan ya fi jin sallamar masu shigowa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ji labarin. "Badi'a ta samo mana littafin nan a waya. Yanzu fa babu abin da ke ɓata." Malam Abdulmumini, abokinsa tun na aiki, ya ce in ya iso a aika a kira shi, shi ma akwai bayan kansa a wani hoton, ranar ba da takardar shaida. Suka yi ta dariya har tari ya sarƙe Baba. Na tashi na shiga madafi kamar zan duba tukunya.

Gwaggo ta biyo ni. Ta ce, "Ke, me likitan nan ya gaya muku?" Na ce magani ya ba mu, ya ce a ci gaba da sha. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauki muciya ta ce in miƙo mata gari.

Alhamis, 14 ga Agusta, da yamma

Ruwa tun safe. Bai iso ba.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Mun yi faɗa da Muhsin a waya. Yana so a mayar da Baba Kano a kwantar da shi, ko da dai shi ma ya ji abin da na ji. Baba ya ce ba inda za shi. Muhsin ya ce ni ce nake biye masa, na bar abin da ya kamata na koma neman tsohon littafi. Na ce shi ya zo ya kwana biyu a gidan ya ga yadda ake juya shi, sannan ya yi mini magana. Na kashe wayar. Daga baya na kira shi, ya ce in yi haƙuri, na ce shi ma.

Adireshin ofishin Muhsin na Kano na ba masu shagon, don sun ce ba sa kawowa nan. In ya karɓa zai ba direban motar Gwarzo.

Na lura da wani abu game da kaina da ba na so. Ina cewa don Baba nake jira. Amma yau da nake wanke fuska na tsaya gaban madubi ina duba goshina da haɓata, ina shirya su kamar wadda za a kai gidan baƙi.

Talata, 19 ga Agusta, da hantsi

Littafin ya iso Kano. Gobe za a ba direba.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan azahar

Na je tasha da kaina. Direban ya zaro shi daga ƙarƙashin kujera, cikin leda ruwan toka, ya ce, "Hajiya, wannan ai ba nauyi." Ban buɗe a can ba. Na rungumo shi har gida, na kori yara waje, na wanke hannu, na zauna bakin gado.

Bangon ba kore ba ne. Fari ne mai sheƙi, da hoton wasu furanni da ban taɓa gani a ƙasar nan ba, sunan littafin a sama an cire masa duk ƙugiyoyi. Warin gam yake yi. Na ce ba komai, ai ciki muke nema.

Ashe ba sake bugawa suka yi ba. Wani tsohon kwafi suka samu a wani ɗakin karatu, suka ɗauki hoton shafukansa, suka zuba a takarda. Rubutun ya ƙanƙance ya koma tsakiya, wani shafin a karkace, wani an yanke masa farkon layuka. Darasin rijiya ya fito sau biyu, wanda ke bin sa babu shi sam. A gefen shafuka da yawa ga babban yatsan wanda ya danne littafin, ya fito tar, har da dattin farcensa.

Na yi ta buɗawa a hankali. Na san na zo wurin don rubutun ƙasa ya fito: "Wata ɗaliba tana rubutu a allo, Kabo."

Samansa baƙi ne. Murabba'i guda, baƙi ƙirin, kamar an kifar da tawada. Ta gefen dama akwai wani ɗan toka-toka, mai yiwuwa taga ce. Shi ke nan.

Na kai shi bakin taga. Na haska shi da fitilar waya. Na ɗaga takardar ga rana. Na karkata ta.

Na san yatsan wani mutum da ban san sunansa ba, na san yana cin farcensa. Ban san fuskar uwata ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, da safe

Ban je Kabo ba. Na ce wa Gwaggo kaina ke ciwo.

Alhamis ɗin, bayan la'asar

Na kai shi wurin mai hoton da ke bakin kasuwa. Ya sa a na'urarsa, ya ƙara haske, ya rage, ya ja nan ya ja can. Baƙin ya koma toka, tokar ta koma fari, babu abin da ya fito. Ya ce, "Anti, ki yi haƙuri. Ba ɓoyewa ya yi ba, babu shi ne. Tun wurin ɗauka ya tafi." Ya ƙi karɓar komai.

Na rubuta wa masu shagon. Na yi bayani mai tsawo, har na faɗa musu abin da ban faɗa wa Gwaggo ba. Amsa ta zo kafin in ajiye wayar, da Turanci mai santsi. Suna godiya da na zaɓe su. Sun ce an rubuta a ƙasan tallar cewa tsofaffin littattafai kan zo da 'yan tabo, kuma hakan yana cikin darajarsu ta tarihi. Na koma na duba. An rubuta ɗin, da ƙananan baƙaƙe, can ƙasa, inda ban kai ba.

Abban Kamila bai ce ai na gaya miki ba. Da ya faɗa, da na samu wanda zan yi wa faɗa.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan azahar

Kabo. Ina shiga, kafin in gama gaida Baba, idonsa yana kan jakata.

"Ya iso?"

"Tukuna, Baba. Ruwan nan ya ɓata hanya."

"Haka ne. Allah ya kawo shi lafiya."

Yana cikin jakar, ƙarƙashin hijabin salla. Duk yinin nan ina jin sa kamar garwashi.

Ya rame ƙwarai a kwana ukun da ban zo ba. Zobensa na azurfa ya koma ɗan yatsan tsakiya. Ba zan rubuta sauran ba.

Litinin, 25 ga Agusta, da yamma

Na kira duk wanda na sani. Wata da muka yi kwaleji tare tana aiki a Zariya, ta ce za ta duba ɗakin karatunsu, amma mai riƙe da makullin sashen tsofaffin littattafai ya yi tafiya, sai wata mai kamawa. Na ce na gode. Wata mai kamawa.

Malam Abdulmumini ya ce nasa kwafin tun tuni jikoki suka yi kwale-kwale da shi.

Yau ma na ce tukuna.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan la'asar

Muhsin ya zo, ban yi masa kashedi ba. Yana zama ya ce, "Baba, ka ga littafin naka? Tun wancan makon na aiko." Ina tsaye da kwanon kunu. Baba bai dube ni ba. Ya ce, "Badi'a tana jira in ɗan ji ƙarfi ne. Yau kuwa na ji. Ɗauko."

Na ɗauko. Na durƙusa gabansa, na fara cewa, "Baba, bugun nasu bai..." Ya ce in miƙo masa tabarau.

Ya juya bangon, ya shafa furannin. Ya riƙa buɗawa da kansa. Ya karanta layi biyu na darasin rijiya da ƙarfi, ya ce wannan shi ya ba su shawara a sa. Da ya zo shafin sai ya tsaya. Gwaggo ta leƙo ta kafaɗarsa, ta buɗe baki, ta rufe.

Ya daɗe. Har na ji kiran sallar wani masallaci can nesa ya fara ya ƙare.

Sai ya ɗora yatsa a tsakiyar baƙin ya ce, "Ga ta nan."

Babu wanda ya motsa.

"Kin gani? Ta juyo ne don mai hoton ya kira ta. Ga allin a hannunta, na hagu, da hagu take rubutu, malamar ta yi ta fama ta gaji. Wannan mayafin na sayo mata shi a kasuwar Kwari, ruwan goro. Nan kuma," ya matsa da yatsan sama kaɗan, "dariya take dannewa. Kullum in za ta yi dariya sai ta cije leɓen ƙasa. Ke ma haka kike yi."

Na ce, "Na gani, Baba."

Muhsin ya tashi ya fita. Na same shi a zaure ya haɗa kai da bango. Ya ce, "Yaya, idon ma ya tafi." Na ce ko idon, ko kan. Likitan dama ya ce zai iya kaiwa can. Ga shi na rubuta wani abu daga abin da ya ce.

Alhamis, 28 ga Agusta, da safe

Baba ya sa littafin ƙarƙashin matashinsa. Na kwana ina tunanin wanne ya fi sauƙi, a ce ba ya gani, ko a ce yana ganin abin da babu. Ban samu mai sauƙin ba.

Amma wani sashe na zuciyata ya ji sanyi da ban kunyata ba. Wannan ma ba na son sa.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Ina bayan ɗakin Baba ina shanya zannuwan gado, tagar a buɗe. Ba laɓe na yi ba. Gwaggo tana ba shi magani, na ji ta ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, ka ga wani abu a takardar nan?"

Ya yi 'yar dariya, irin wadda ta rage masa.

"Marka, ni makaho ne? Baƙi ne kamar gindin tukunya. Har yatsan wani ƙato na gani a gefe."

"To me ya sa ka..."

"Yarinyar nan mako guda tana yawo da shi a jaka, tana ce mini ruwa ya ɓata hanya. Kin ga fuskarta kuwa? Ni ai na san Uwaliya, ba ni ke buƙatar hoto ba. Ita na so ta gani kafin in tafi, don in na tafi babu mai gaya mata daidai. Ke kin manta, 'yan Unguwar Tudu ba su zauna da ita ba kamar ni." Ya nisa. "Kada ki gaya mata."

"Ita ma akwai abin da take ɓoye maka."

"Na sani. Tun a bencin asibiti na sani. Ki bar ta."

Na tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu har ruwansa ya jiƙa mini gaban riga. Ban shiga ba sai da na ji Gwaggo ta fito.

Asabar, 30 ga Agusta, da hantsi

Ni na ce a ɗauko littafin. Na zauna kusa da shi, na buɗe shafin, na ce, "Baba, ran nan ban duba da kyau ba. Tana da tsaga?"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe. Ban sunkuyar da kai ba.

Ya ce, "'Yar ƙarama, nan gefen ido. Matso ki gani."

Na matsa. Na tambaye shi tsawonta, ya ce kafaɗarsa take kaiwa. Na tambayi muryarta, ya ce ai murya ba ta fitowa a hoto, muka yi dariya, sannan ya ce siririya ce amma in ta kira sunan mutum daga madafi har zaure ana ji. Ba ta cin kuɓewa. Tana tsoron tsaka, ba ta tsoron maciji. Kalmar da take rubutawa a allon ranar, "gida" ce, kuma ta juya g ɗin baya, shi ya sa take danne dariya. Ranar da aka haife ni ta ce goshina irin nasa ne, Allah ya sa kada in ɗauko taurin kansa.

Muka yi ta yi har ya gaji, yatsansa yana kan baƙin, nawa yana kusa da nasa. Da zai kwanta ya ce, "Sun yi bugu mai kyau." Na ce, "Sun yi ƙoƙari, Baba."

Litinin, 1 ga Satumba, da yamma

Ba ya magana sosai. Ruwa kawai, da cokali. Muhsin ya ɗauki hutu ya dawo.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan azahar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Asabar, 6 ga Satumba, bayan la'asar

An yi sadakar uku, mutane sun ragu. Ana cikin karɓar gaisuwa saƙo ya shigo wayata daga masu shagon, suna fatan ina jin daɗin littafina, suna so in ba su taurarin yabo. Ta Zariya ma ta kira ta yi ta'aziyya, ta ce mai makullin ya dawo, sun duba, ba su da shi.

Gwaggo ta ba ni littafin da tabaran a leda ɗaya. Ban ce mata na ji hirarsu ta taga ba.

Ina ɗakinsa ina naɗe tabarma 'yata Kamila ta shigo. Ta ji mata suna cewa akwai hoton kakarta, tana so ta gani. Na buɗe mata. Ta duba, ta ɗago, ta sake dubawa.

"Umma, ba komai a nan. Baƙi ne kawai."

Na zauna a ƙasa, na jawo ta jikina, na kama yatsanta na ɗora a tsakiya.

Na ce, "Da hagu take rubutu. Matso ki gani."